Jawabin da Aka Yi a Atantane Ranar Sadakar Arba'in ta Baba Tsoho

Iyayenmu da 'yan'uwanmu maza da mata, da baƙin da suka taso daga Mayahi da Tasawa da Gazawa, sannunku da zuwa, Allah ya ba da lada. Yau kwana arba'in ke nan da muka kai Baba Tsoho makwancinsa. An roƙe mu, mu 'ya'yansa da jikokinsa, mu faɗi wani abu a kansa, kuma a buga a aika wa rassanmu na garuruwan kasuwa, domin maganar ta shafi kowane gida mai gona. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Baba ba shi da takardar haihuwa. Abin da mahaifiyarsa ta gaya masa shi ne, tana goyonsa aka ji labari Nasara sun ɗauke babban birni daga Damagaram sun mayar Yamai, watau 1926. In haka ne, shekara ɗari babu kaɗan ya yi a duniya. Mahaifinsa kuwa yana saurayi a 1899, sa'ad da rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Tasawa tana ƙone garuruwa, ta hallaka mutanen Koran Kalgo, kafin sojojinsu su juya su kashe su duka biyu, aka binne su a Maijirgi. Cikin gidan da ake ba da wannan labari da dare, murya ƙasa-ƙasa, Baba ya tashi.

Yana ɗan shekara biyar aka yi yunwar fara ta 1931. Abu ɗaya ya riƙe daga wannan shekara: akwai wani ƙaramin rumbu da ubansa ya liƙe da laka, yara na kuka, mata na roƙo, amma ba a fasa shi ba sai ranar da ruwan shuka ya sauka. Ku riƙe maganar wannan rumbu, za mu komo kanta.

Tun gemunsa bai fito ba aka kama shi aikin tilas. Gardi ya zo, aka nuna gidanmu, aka tafi da shi gyaran hanyar mota, da guzurin kansa, ga gona tana jiran noman farko. Ran 11 ga watan Afrilu 1946 aka yi dokar da ta soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulki. Har ya tsufa yana cewa shi daga wannan shekara yake ƙidayar 'yancinsa, ranar 3 ga Agusta 1960 kuwa ta zo ta same shi a gona ne, sai da yamma ya ji labari.

Sa'an nan sai zamanin gyaɗa. Matasa ba su san shi ba, bari mu ɗan tsaya. Lampo da kuɗi ake biyansa, kuɗi kuwa sai an noma gyaɗa. Da fari kantunan Turawa ke saye, daga 1962 sai SONARA, ana loda buhuna a mota zuwa Kano, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Ikko. Mutane suka ga kuɗi, suka ba gyaɗa gonakin hatsi, aka sayi keke da rediyo, aka ƙara aure, hatsin ci kuwa a auna a kasuwa. Baba ya ƙi. Gyaɗar da za ta biya lampo ta sai wa iyali tufafin salla ita kaɗai yake shukawa, sauran gandu duk hatsi da wake. An yi masa dariya a kasuwa, an ce tsoho ne tun bai tsufa ba. To, aka yi farin 1973, sojoji suka karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974 jama'a na cikin yunwa, cuta ta faɗa wa gyaɗa a 1975, kasuwarta ta mutu. Wasu daga cikin masu dariya sun shigo zaurenmu da ƙwarya a ɓoye cikin riga. Bai taɓa faɗa mana sunan ko ɗaya ba. Mu ne dai muke leƙe ta bayan zana.

Kada ku zaci mun zo mu wanke shi ne sarai. Baba mutum ne mai taurin kai. Da aka zo ɗaukar yara lakwal ya ɓoye 'ya'yansa biyu cikin rumbu, mata kuwa ko zancen bai yarda a yi ba, har sai da jikoki suka zo ya saki. Gwaggonninmu na zaune nan, su san abin da wannan ya jawo musu.

Shekarar da ta fi mana zafi ita ce 1984, wadda muke kira El Buhari. Damina ba ta yi ba, Nijeriya ta rufe iyaka ta sake kuɗinta, hanyar cin rani ta toshe. Baba ya sayar da shanu, ya sayar da doki, har babbar rigarsa ta salla. Muka ci anza da jiga da goribar Gulbin Kaba. Ana cikin haka wani ɗan kasuwa ya zo da buhunan hatsi a amalanke, ya ce a ba shi jinginar gonar gabas. Baba ya shimfiɗa masa tabarma, ya ba shi ruwa, ya raka shi bakin hanya da buhunansa. Ƙaramin rumbun iri kuma yana nan a liƙe, kamar na ubansa. Jama'a, a wannan bazara mun binne yara biyu a gidan nan. Har yau akwai a cikinmu mai cewa da ya karɓi buhunan nan da sun rayu, kuma ba mu da bakin ce mata ta yi ƙarya. Abin da muka sani, da ruwa ya sauka a 1985 mun shuka gonarmu da irinmu, maƙwabta da yawa kuwa suka koma 'yan ƙwadago a gonakin da iyayensu suka share. Shi kansa bai ƙara ambaton shekarar ba, sai dai kowace salla yakan je maƙabarta shi kaɗai kafin ya shiga gida.

Da malaman gona suka zo da sassabin zamani, suna koya wa mutane su bar tohon itace a gona, sai suka tarar gonar Baba cike da gawo da kalgo. Ya saurare su da ladabi, ya sa aka dama musu fura.

Yanzu ga abin da ke gabanmu. Magada suna da yawa, gandu bai ƙaru ba. In an raba, rabon wani ba zai ciyar da shi wata uku ba, wanda ke zaune Kano ko Agadas kuwa ba noma zai zo yi ba. Tun ba a tashi daga zaman makoki ba mutum biyu suka ja ƙanenmu gefe suna tambayar farashi. Ku na rassan kasuwa kun san irinsu, kun san bazara ce lokacinsu. Ba mu ce a hana kowa gādonsa ba. Shari'a ta ba kowa rabonsa, har 'ya'ya mata, kuma za a ba su a gaban liman. Shawarar da wasunmu suka kawo ita ce a auna, a rubuta rabon kowa a gaban kwamitin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta kafa, amma a ci gaba da noma tare, wanda kuma tilas ta kama shi ya fara tallata wa ɗan'uwansa. Wasu ba su yarda ba, suna da hujjarsu, za a ji su.

Za a zauna ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar, a gindin gawon gonar gabas. Na nesa su aiko wakili, mata su zo su yi magana da bakinsu. Rumbun irin bana yana nan a liƙe, Baba na kwance bisa tabarma ya sa aka liƙe shi da kaka, kuma kafin ruwa ya sauka sai mun san wanda zai fasa shi.

Allah ya jiƙan Baba, ya jiƙan yaran nan biyu. Malam, a yi mana Fatiha.