Yadda Ake Tantance Haƙƙin Ƙirƙira: Batun Ragar Tokare Jijiyar Zuciya

Ragar tokare jijiya, wadda likitoci ke kira sitent, ɗan guntun bututu ne na ƙarfe mai huji-huji da ake ɗorawa a bakin katita, wato siririyar robar nan da ake zurawa ta jijiyar cinya ko ta wuyan hannu har ta kai ga zuciya. Idan an isa inda kitse ya ƙuntata hanyar jini, sai a cika ɗan balan-balan da ke cikin ragar da ruwa, ta buɗe ta manne da bangon jijiya. Daga nan a tsotse ruwan, a zare katita, ita kuwa ragar ta zauna nan tana riƙe da hanyar a buɗe. Tsawon ta farko da ta yi fice milimita 15 ne, jijiyar da take shiga kuma faɗinta bai wuce milimita uku zuwa huɗu ba. A kan wannan ɗan abu aka yi ɗaya daga cikin shari'o'in haƙƙin ƙirƙira mafi tsada a tarihin kayan asibiti.

A ranar 16 ga Satumba 1977, Andreas Gruentzig ya fara buɗe jijiyar zuciyar mutum da balan-balan a birnin Zurich na ƙasar Switzalan. Aikin ya yi kyau, amma ya zo da matsala biyu. Wani lokaci jijiyar kan rufe nan take bayan an zare balan-balan, a ruga da majinyaci ɗakin tiyata. Wani lokaci kuma takan sake tsukewa a hankali cikin 'yan watanni, ga kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka yi wa. Tunanin a bar wani abu a ciki ya riƙe bangon ba sabo ba ne, domin Charles Dotter ya gwada naɗaɗɗiyar waya a jijiyar karnuka tun 1969. A 1986 Jacques Puel a Tulus ta Faransa da Ulrich Sigwart a Lozan suka dasa wa mutane wata saƙaƙƙiyar raga mai buɗe kanta da kanta. Julio Palmaz, likitan hoto ɗan asalin Ajantina da ke aiki a Jami'ar Texas a San Antonio, ya bi wata hanya dabam: bututun ƙarfe mara tsatsa da aka tsattsaga a tsaye, wanda balan-balan zai buɗe shi zuwa faɗin da likita ke so, ya kuma tsaya a haka domin ƙarfen ya lanƙwasa har ya wuce inda zai iya komawa yadda yake. Ya shigar da takardar neman haƙƙi a ofishin Amurka a watan Nuwamba 1985, aka ba shi a watan Maris 1988 da lamba 4,733,665, wata kuma mai lamba 4,739,762 ta biyo baya.

Takardar haƙƙin ƙirƙira ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da al'umma. Shi zai bayyana sirrin abinsa dalla-dalla, ita kuma hukuma za ta hana kowa ƙerawa ko sayarwa ba da izninsa ba na tsawon wa'adi, wanda a yau shekara 20 ne daga ranar shigar da takarda. Takardar na da bayani da zane-zane, sai kuma da'awowi a ƙarshe, kuma a kan da'awowin nan ake fafatawa. Kowace da'awa jimla ɗaya ce mai lamba da ke lissafa sassan abin da mutum ke cewa nasa ne. Matsayinta matsayin iyakar gona ne: mai ita yana so ta yi faɗi, maƙwabta suna so ta tsuke, mai tantancewa kuma shi ne ke duba ko an kafa turken a cikin gonar wani ko a kan burtalin jama'a.

Mai tantancewa ma'aikacin gwamnati ne da ya karanci injiniya ko kimiyya. Ba ya gwada na'urar, ba ya tambayar ko za ta yi wa majinyaci illa. Wannan aikin hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ne, wadda sai a 1994 ta amince a dasa ragar Palmaz da abokin aikinsa Richard Schatz a jijiyar zuciya, shekara shida bayan fitowar takardar haƙƙi. Abin da ke gabansa takardu ne. Da farko a sanya wa buƙatar rukuni: raga tana ƙarƙashin A61F 2/82 a tsarin rarraba ƙirƙire-ƙirƙire, katita kuma tana A61M 25. Sai ya shiga binciken duk abin da aka taɓa bayyanawa kafin ranar shigar da takarda, ko tsohuwar takardar haƙƙi ce, ko maƙala a mujallar likitoci, ko jawabin taro da aka buga, a kowace ƙasa kuma da kowane harshe. Sannan ya rubuta wa mai nema wasiƙa, wadda galibi ta ƙin amincewa ce a zagayen farko. Mai nema yana da wata uku ya amsa, ana iya ƙara masa zuwa shida. Ko dai ya kawo hujja, ko ya gyara da'awarsa ya rage mata faɗi. Duk abin da aka rubuta a wannan kai-komo ana adana shi, kuma kowa na iya karantawa.

Tambayar farko da mai tantancewa ke yi ita ce ta sabunta. Idan takarda guda ɗaya da ta gabata ta ƙunshi dukan sassan da'awa, da'awar ta faɗi. Wannan ma'auni ne mai sauƙi a baki, amma a fagen raga yana da wuya, domin kalmomin da ake siffanta abin da su, kamar bututu, bango, tsaga da buɗewa, suna iya hawa kan na'urori da yawa da ba su yi kama da juna ba a ido.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi: ko da abin sabo ne, shin matsakaicin masanin fannin zai iya kai wa gare shi cikin sauƙi ta hanyar haɗa abubuwan da aka riga aka sani? Kotun Ƙolin Amurka ta shimfiɗa hanyar amsa wannan a shari'ar Graham da John Deere a 1966, ta kuma sake jaddada ta a shari'ar KSR da Teleflex a 2007, inda ta ce a bar mai tantancewa ya yi amfani da hankali, kada a ce lallai sai ya samo rubutun da ya ce a haɗa kaza da kaza. Haɗarin da ke nan shi ne, da zarar mutum ya ga amsa, sai komai ya zama kamar a fili yake tun farko. Balan-balan sananne ne, faɗaɗɗen ƙarfe mai huji-huji sananne ne har a wurin magina, kuma shi kansa Palmaz ya sha ba da labarin cewa wani guntun irin wannan ƙarfe da ya tsinta a garejinsa ne ya nuna masa yadda tsagogi masu saɓa wa juna ke buɗewa. To me ya hana wani ya haɗa su kafin shi? Don kauce wa son zuciya a nan, doka ta yarda a duba shaidu na waje: daɗewar buƙata ba tare da an biya ta ba, gazawar wasu da suka gwada, da karɓuwar abin a kasuwa. A 1994 manyan gwaje-gwaje biyu, BENESTENT da STRESS, suka nuna raga ta rage sake tsukewar jijiya; a na farkon daga kashi 32 cikin ɗari zuwa 22. Kamfanin Johnson & Johnson, wanda ya karɓi lasisin ƙirƙirar, ya mamaye kusan kashi 90 cikin ɗari na kasuwar Amurka cikin ɗan lokaci.

Inda kuɗi ya taru, nan ake tono tsofaffin takardu. Wadda ta fi damun masu haƙƙin Palmaz ita ce ta Robert Ersek, mai lamba 3,657,744, ta shekarar 1972. Ersek ya siffanta wani zoben faɗaɗɗen ƙarfe da likitan fiɗa zai sanya a jijiya bayan ya tsaga jiki, ya buɗe shi da wani kayan aiki na hannu domin ya kafe jijiyar roba ko murfin zuciya a wurinsu. Ba a zura shi daga nesa, ba balan-balan a cikinsa, amma bututu ne, yana da huji-huji, kuma yana buɗewa ya tsaya. Dokar Amurka ta ba da damar a mayar da takardar da aka riga aka bayar gaban ofishi a sake tantance ta idan sabuwar tambaya ta taso, kuma haka aka yi wa takarda mai lamba 4,739,762. Mai tantancewa ya ɗora Ersek a kan da'awowin. Kamfanin Cordis, wanda Johnson & Johnson ya saya a 1996, ya amsa da cewa zoben Ersek yana da gefuna masu kaifi da aka murɗe da gangan don su nutse cikin nama, kuma kaurin bangonsa a mahaɗai ya ninka na sauran wurare. Ragar Palmaz kuwa bangonta sumul ne kuma kaurinsa kusan ɗaya ne ko'ina, shi ya sa za a iya tura ta cikin jijiya ba tare da ta yage ta ba. Da wannan bambanci da'awar ta tsira, ofishi ya tabbatar da ita a 1998.

Wannan amsa ce ta zama filin daga a kotun tarayya ta jihar Delaware, inda Cordis ya kai ƙarar Medtronic AVE da Boston Scientific. Ƙa'ida ce cewa abin da mai nema ya sallama a gaban mai tantancewa domin ya sami takarda, ba zai dawo kotu ya ce nasa ne ba. Ragar AVE zobba ne na waya da aka jera aka haɗa, ba bututun da aka tsaga ba, don haka lauyoyinta suka ce kaurinta ba ɗaya ba ne kuma tsagoginta ba yanka su aka yi ba. Kotun farko ta fassara daidaiton kauri da tsauri, ta ce kada bambanci ya wuce kashi ɗaya cikin dubu na inci. A 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta warware wannan: abin da Cordis ya sallama a fili shi ne bangon da kaurinsa ya ninka, kamar na Ersek, ba kowane ɗan bambanci ba, da'awar kuma ta siffanta yadda tsagogin suke ne, ba yadda aka ƙera su ba. Tun a shekarar 2000 masu taya alƙali hukunci sun yanke dala miliyan 271 a kan Medtronic da miliyan 324 a kan Boston Scientific. Da aka lissafa kuɗin ruwa a 2008, jimillar ta kai kimanin dala biliyan 1.2, alhali wa'adin takardar ya riga ya ƙare tun 2005. Abin lura ne cewa 'yan layukan da lauya ya rubuta wa mai tantancewa su ne aka yi shekara goma ana auna su, kuma hukuncin 2003 ya yi daidai: da an ɗaure mai ƙirƙira da abin da bai faɗa ba, da babu wanda zai ƙara yi wa ofishi bayani a sake.

Akwai sharaɗi na uku, wato cikar bayani. Dole takarda ta koya wa masanin fanni yadda zai ƙera abin ba tare da wahalar gwaji mai yawa ba, kuma ba a yarda a cusa sabon abu cikin da'awa daga baya ba idan babu shi a bayanin farko. Yawan hujjar da ake buƙata ya zama abin jayayya lokacin da aka fara shafa wa raga magani don hana tsiron nama a cikinta. Kamfanin Angiotech da Jami'ar British Columbia ta Kanada sun mallaki takarda kan raga mai ɗauke da taksol, maganin kansa da aka fara samu daga ɓawon wata bishiya. Kotuna biyu a Ingila suka soke ta, suna ganin ba ta nuna komai ba illa cewa taksol ya cancanci a gwada shi. A 2008 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙarshe, ta mayar da ita: da'awar ta ce ragar za ta hana tsukewa, bayanin ya sa hakan ya zama abin da hankali zai ɗauka, kuma doka ba ta ce sai an kawo sakamakon gwaji a kan mutane ba.

Turai da Amurka sun rabu a kan hanyar aiki. Ofishin Turai da ke Munik ba ya ba da haƙƙi kan hanyar fiɗa ko ta jinyar jikin mutum, kamar yadda sashe na 53 na yarjejeniyarsa ya tanada, amma yana bayarwa kan na'urar kanta. Don haka ana iya mallakar raga da katitar da ke ɗauke da ita, ba a iya mallakar yadda likita ke dasa ta. Amurka tana ba da haƙƙi kan hanyar, sai dai tun 1996 ta hana a nemi diyya daga likita ko asibiti saboda aikin jinya kawai. Manufar duka biyu ɗaya ce, kada hannun likita ya tsaya a kan majinyaci don tsoron ƙara.

Ba kowace ƙasa ke yin wannan tantancewa mai zurfi ba. A Najeriya, Dokar Haƙƙin Ƙirƙira da Zane ta 1970 ta ɗora wa magatakarda duba cikar takardu da biyan kuɗi kawai. Ba ya binciken sabunta ko zurfin ƙirƙira, kuma dokar ta faɗa ƙarara cewa ana ba da takardar ne ba tare da tabbacin ingancinta ba. Nijar da Kamaru da Chadi suna shigar da nasu ta ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, Gana da Sudan kuma suna cikin ARIPO da ke Harare. Injiniyan da ya ƙera wata sabuwar katita a Zariya ko Kano ya sami takardar Abuja yana riƙe ne da haƙƙin da ba a taɓa gwada shi da irin su Ersek ba. Za a yi masa wannan gwajin ne ranar da ya nemi kariya a wata ƙasa mai tantancewa, ko ranar da wani ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya yana neman a soke takardar.