Ni da Gafiyar Ƙofar Galadima



Gidanmu na Ƙofar Galadima yana dab da tsohuwar ganuwa, ramuka kuwa a gindinta ba a magana. Da albashi ya daina kai ƙarshen wata, sai na shuka dankali da karas a bayan gida. Dankalin na fara ƙosawa gafiya ta kwashe shi ta ƙarƙashi, ta bar ni ina ta ba ganye ruwa.

Na fusata, na sayo guba na barbaɗa a ƙanzo. Ko shinshinawa ba ta yi ba. Kajin maƙwabciyata huɗu ne suka ci, na biya, na kuma sha kunya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne nan ɗana yake rarrafe. Don Allah, jama'a, a guji guba.

Daga baya na binne ragar waya, zurfin kamu guda, kewaye da lambun. Da magariba na ɗana tarko da gyaɗa a bakin raminta, domin da dare take fita. Kwana uku ta shiga hannu.

Kurege kuwa da rana tsaka yake zuwa, lokacin ina ofis. Shi har yau muna shari'a.