Jawabi Kan Allurar Sakin Jiki Da Lafiyar Zuciya

Mutane da yawa daga Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa sukan je asibitin Funtuwa ko na Shika a Zariya domin a yi musu tiyata. To, akwai abin da ya kamata kowa ya sani kafin a shiga da shi ɗakin aiki.

In za a yi babban aiki, kamar na ciki, bayan allurar barci akan ƙara wata allura mai sakin tsoka, don jiki ya yi laushi. Tana tsayar har da numfashi, shi ya sa ake zura bututu a maƙogwaro ana hura wa majiyyaci iska. Asalin irin wannan magani dafin kibiya ne na maharban Kudancin Amurka, mai suna kurare. A 1942 Dakta Harold Griffith ya yi amfani da shi wajen tiyata a ƙasar Kanada, daga nan ya bazu duniya.

Waɗannan allurai suna taɓa zuciya. Wata, fankuroniyam, tana sa ta bugawa da sauri. Wata kuma, saksametoniyam, takan rage bugunta, musamman ga yara. Tana kuma ƙara sinadarin fotasiyam a jini. Ga mai lafiya ƙarin kaɗan ne. Amma ga wanda ya yi mummunar ƙuna kwanakin baya, ko mai shanyewar ɓarin jiki, ko wanda ya daɗe a kwance, sinadarin yakan hau sosai har zuciya ta tsaya.

Wannan ba dalilin gudun asibiti ba ne. Allurai iri-iri ne, kuma ma'aikacin sa barci yana lura da bugun zuciya har a gama. Amma ba zai zaɓi wadda ta dace ba sai ya ji gaskiya.

Saboda haka majiyyaci, ko mai jinyarsa, ya faɗi in akwai ciwon zuciya, hawan jini, ciwon ƙoda, ƙuna ko shanyewa. Ya nuna duk maganin da yake sha, har na gargajiya. In wani ɗan'uwa ya taɓa shan wahala wajen farfaɗowa bayan tiyata, a faɗa. Kada kunya ta sa a ɓoye komai. Wanda ya ji, ya gaya wa na gida.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.