Gishirin Dalma Mai Ba da Haske



Jawabina na yau ya shafi wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi na gishirin dalma, waɗanda faɗin kowace ɗaya bai wuce nanomita 15 ba. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

A shekarar 2015 ne Maksym Kovalenko da abokan aikinsa a birnin Zurich suka bayyana hanyar haɗa su. Akan narkar da gishirin dalma mai buromin cikin wani mai, a dafa shi tsakanin digiri 140 da 200, sa'an nan a tsirta masa sinadarin sisiyom da sirinji. Bayan daƙiƙa 5 sai a tsoma kwalbar cikin ruwan ƙanƙara, don kada ƙwayoyin su ci gaba da girma.

To, haɗawa ba ita ce ƙarshen aiki ba. Wajibi ne a duba girmansu da siffarsu da madubin ilektiron, a gano tsarin cikinsu da eksire, kana a auna launin hasken da suke fitarwa. Mai buromin kore yake bayarwa. In an musanya buromin da aidin, sai ya koma ja.

Amma fa dalma guba ce. A 2010 ƙurarta ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara. Saboda haka duk wanda zai ƙera fitila ko allon talabijin da waɗannan ƙwayoyi, to, ya fara tanadar inda dalmar za ta ƙare ranar da kayan suka lalace.