Furfura da Toka

 Karatunmu na yau yana cikin Littafin Firistoci 19:32 da Yusha'u 7:9.

Yau za mu yi magana a kan wani launi da ba mai neman sa. Ku tsaya wurin masu atamfa a kasuwar Keffi, ku ga ko zumuntar mata za su zaɓi ruwan toka su yi anko. Ko sunan kansa ba shi da shi a Hausa, daga murhu aka aro masa: toka-toka, ruwan toka. Shi ne abin da ya rage bayan wuta ta gama cin itace, da safe a kwashe a kai juji.

A cikin Littafi Mai Tsarki ma toka ta masu baƙin ciki ce da masu tuba. Cikinta Ayuba ya zauna yana susar ƙurajensa da katanga. Sarkin Nineba ya bar gadonsa ya zauna cikinta sa'ad da wa'azin Yunusa ya kai kunnensa. Har yau 'yan'uwanmu na Katolika da Angilikan sukan shafa ta a goshi ranar Laraba ta Toka, farkon azumin da ke kai su Ista.

Amma iyayenmu mata sun san toka ba shara ba ce. In kanwa ta ƙare, sai a tace toka a zuba ruwanta a miyar kuɓewa. Ana cuɗa ta da wake kafin a ajiye, don kada ƙwari su ci irin baɗi. Da ita ake dafa sabulun salo. A marinar Ƙofar Mata da ke Kano, sai an haɗa baba da toka kafin shuɗin nan mai kyau ya kama zane. Wanda bai san aikinta ba ne ke zubarwa.

To, wannan launin shi ne Allah ya zaɓa ya ɗora a kan tsofaffi. Likitoci sun ce abin da ke rina gashi daga tushensa ne yake ƙarewa a hankali. Haka ne. Amma a Littafin Firistoci, Allah ya umarci Isra'ilawa su miƙe tsaye in mai furfura ya zo, kuma cikin aya ɗaya ya haɗa wannan da tsoron kansa. Ku lura, bai ce sai mai furfurar ya yi makaranta ba, ko sai yana da fansho.

Kwanan baya mun kai ziyara wani gida a Tudun Ƙofa. Gidan masu bi ne, maigida ba ya fashin sujada. Muna shirin tashi sai muka ji tari daga wani ɗan ɗaki kusa da madafa. Ashe mahaifiyarsa ce, an kawo ta daga ƙauye saboda ciwon ƙafa. Kanta fari fat. Yarensu take ji, sai Hausa kaɗan ta kasuwa. Jikokinta kuwa Turanci suke yi, in ta yi musu magana sai su kalli juna su yi dariya. Addu'ar dare da Turanci ake yin ta a falo, ba mai kiran ta. Da muka zauna da ita, sai muka ji tana cikin na fari da aka yi wa baftisma a ƙauyensu, ta sha duka a gidan miji saboda haka, kuma ita ta ɗauko ruwa a ka aka kwaɓa ƙasar majami'arsu ta farko. Bangaskiyar da ake taƙama da ita a falon nan, daga wannan ɗan ɗakin ta fito.

Muna da yare da yawa a ƙasar nan, Eggon, Mada, Gbagyi, Gwandara, Yeskwa, Gade, kuma a gidaje da dama kaka ce kaɗai ta rage da ke riƙe da shi sosai. Abin da ya fi zafi shi ne, ranar da yaro ya kwanta ciwo, sai wani ya fara raɗa cewa a bincika tsohuwar. Daga kaka ta koma mayya. Muna faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba: wanda ya nuna mahaifiyarsa da yatsa saboda furfurarta da jajayen idanun da hayaƙin murhu ya bar mata, da Allah yake faɗa, ko da wani mai kiran kansa annabi ne ya zuga shi. Ku kai yaron asibiti.

Yanzu, baba da mama, mu juyo kanku, da kanmu ma. Mu da muka haura arba'in mun fara ganin farin silin nan a madubi, kuma ba za mu yi ƙarya ba, mun taɓa tambayar kuɗin baƙin shafawa a shagon aski. Rina gashi ba zunubi ba ne, sai dai ba ya rage wa mutum ko kwana ɗaya. Annabi Yusha'u ya kwatanta Ifraimu da mutumin da furfura ta bazu masa a ka, baƙi sun cinye ƙarfinsa, shi kuwa bai ma sani ba. Karin Magana 16:31 ta kira furfura rawani, amma ta ce a hanyar adalci ake samun sa. Dattijon da ya sayar da fili ɗaya wa mutum biyu don ya ga 'yan Abuja da kuɗi, ko ya wuni a gidan burkutu, sa'an nan ya dawo yana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, me ya hango? Za mu tashi masa tsaye domin Allah ya umarta, amma shi ma zai tsaya a gaban wani.

Ga tsohon da ke jin an yar da shi kamar tokar jiya, a karanta masa Ishaya 46. A can annabi ya ga gumakan Babila, Bel da Nebo, an labta su a kan dabbobi, sun zama kaya har dabbobin sun gaji. Sai Allah ya ce wa mutanensa shi ba haka yake ba: shi ya ɗauke su tun daga ciki, kuma shi zai ci gaba da ɗaukarsu har kansu ya yi fari.

Daren yau, in an taru addu'a, a aiki yaro ya kamo hannun kaka, a ba ta kujera. A bar ta ta yi addu'ar rufewa da yarenta, kada a katse ta ko ta yi tsawo. Ko jikokin ba su gane komai ba, za su gane wurin cewa Amin.