Jawabi A Kan Kuɗin Lamunin Fili

An umurce ni in yi magana, ko da yake ni yaro ne a cikinku, aikina kuwa rubutu ne a gaban alkali. Saboda haka ba zan wuce abin da nake gani a ɗakin shari'a ba, watau kuɗin da hukumar gari ke karɓa hannun mai fili kafin ta ba shi izinin yin wani aiki a wurin na ɗan lokaci.

Kun dai san asalin abin. Dokar ƙasa ta 1910, wadda aka sabunta a 1916, ta sa ƙasar Arewa duka ƙarƙashin ikon Gwamna domin amfanin 'yan ƙasa. Ta 1962 ta bi sawunta. Bayan an rushe En'e a 1976, dokar 1978 ta damƙa filayen birane ga Gwamnan jiha, na ƙauyuka kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izinin zama a kansu. Ashe wanda muke kira mai fili riƙo yake yi. In ya so ya kafa turakun raguna gab da Babbar Salla, ko ya ba masu tubali wuri har rani ya wuce, lalle hukuma tana da ta cewa.

Dalilin kuɗin a fili yake. Mai raguna ya sayar ya koma garinsu, mai tubali ya kwashe kayansa, sai a bar unguwa da juji ko rami. Wanda ya san kududdufan birnin Kano ya san abin da haƙar ƙasar gini ke haifarwa: damina ta cika ramin, sauro ya yi gida, wani lokaci har yaro ya faɗa. Baƙo ba ya samuwa, mai fili kuwa yana nan. Don haka shi ake ɗaure wa, ko ya ajiye kuɗi, ko ya kawo mutum mai hali ya tsaya masa, ko takardar banki, gwargwadon abin da gyaran wurin zai ci.

To, ga inda nake roƙonku ku saurara. Wannan kuɗi ba haraji ba ne, ba kuma tara ba ne. Amana ne. Malamanmu na Malikiyya sun tabbatar cewa abin da aka jinginar ba ya zama na wanda ya riƙe shi don kawai lokaci ya cika. A fitar da hakki, sauran a mayar wa mai shi. Haka nan a nan. In mai fili ya cike rami, ya kwashe shara, a ba shi kuɗinsa cif. In ya ƙi, hukuma ta gyara, ta cire abin da ta kashe, ta nuna masa lissafi, ta miƙa masa ragowar ko da kwabo ne. Ma'ajin da ya zuba irin wannan kuɗi cikin kuɗin shiga ya ci bashi ba da sanin mai shi ba, ko da bai sa anini a aljihunsa ba.

Na taɓa rubuta wata shari'a da har yau take damuna. Wani dattijo ya ba da filinsa, ya ajiye kuɗi, lokaci ya cika, aka ce ba za a mayar masa ba don akwai rami a kusurwar gabas. Ya rantse tun zamanin mahaifinsa ramin ke nan. Alkali ya nemi takardar dubawar farko, babu, gama ba wanda ya je ya ga filin ran da aka ba da izini. Sai da aka yi zama uku ana kiran mai unguwa da tsofaffin maƙwabta kafin gaskiyarsa ta fito, ga shi kuwa kuɗin motar zuwa kotu ya cinye kusan rabin abin da yake nema.

Abin da zai hana wannan ba shi da wuya. Ran ba da izini malami ya je da mai unguwa, su auna wurin, su rubuta halinsa, mai fili ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A rasit a rubuta ranar cikar izini da sharaɗin mayarwa, da Hausar da zai gane, a karanta masa in ba ya karatu. Ranar kuwa da ta cika, kada a jira ya zo ya yi ta zarya a ƙofar ofis. A aika masinja ya kira shi.