Ladabin Japanawa: Gado Ne Ko Tarbiyya?



Mukan ji ana cewa Japanawa sun fi Turawa ladabi da kirki. Lallai mun ga 'yan kallonsu suna tsince shara bayan wasa a Gasar Kofin Duniya ta 2018 a Rasha. Horo ne ya kawo haka, domin a makarantunsu ɗalibai ke share azuzuwa da kansu. Sai dai ladabi daban, kirki daban: sojojin wannan ƙasa ne suka yi kisan gilla a birnin Nanjin na ƙasar Sin a 1937. Saboda haka rusunawar Bajapane ba ta sa ya fi Bature tausayi. Mu koya wa 'ya'yanmu ladabi da tausayi tare, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.